Garin Masara da Tsakinta: Tambayoyi da Amsoshi Kan Inda Suke Zuwa Ban da Tukunyar Tuwo

Duk kaka, idan manyan motoci suka fara lodin masara a Doguwa da Tudun Wada, ko suka yi jerin gwano a Dawanau, maganar da ake ji ita ce "kamfani za a kai." Wane kamfani, me zai yi da ita, kuma ina rabon mutumin karkara a ciki? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda manoma, masu injin niƙa, mata masu sana'ar gari da masu kiwo a ƙauyukan Kano da Jigawa suka fi yi.

Ban da tuwo, dambu, fate da koko, me kuma ake yi da garin masara?

A masana'antun Najeriya babu abin da ke cin masara kamar abincin kaji. Bayansa sai kamfanonin abincin mutane, wato masu garin tuwo na leda, da abincin karin kumallo, da kayan maƙulashe na yara, sannan kamfanonin abin sha. Akwai kuma wani rukunin da ba ruwansa da garin sai sitacin da ke cikinsa: masu haɗa magunguna, masu takarda da kwali, masaƙu, masu hoda, har da masu haƙar man fetur. Wannan rukuni na ƙarshe shi ya fi daɗin labari, amma shi ya fi nisa da aljihun ɗan ƙauye, domin yawancin sitacin da masana'antunmu ke aiki da shi daga waje ake shigo da shi, ko kuma na rogo ne daga kudu.

Me ke cikin ƙwayar masara da har ake rububinta haka?

Idan ka jiƙa ƙwaya ɗaya ka tsaga ta za ka ga abu uku. Akwai ɓawon baya, wanda bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na nauyinta ba. Akwai ɗan idon nan mai taushi da tsiro ke fitowa daga cikinsa, kimanin kashi 10 ko 11, kuma a nan fiye da kashi 80 na man masara yake. Sauran, sama da kashi 80 na ƙwayar, shi ne tsokar da ke zama tsaki da gari. A dunƙule, busasshiyar masara tana da sitaci kusan kashi 70 cikin ɗari, sinadarin gina jiki kashi 8 zuwa 10, mai kuwa wajen kashi 4.

Kowane ɓangare da mai sayensa. Idon ana tatsar man girki daga gare shi, ɓawon na dabbobi ne, tsokar kuma ita ake rarrabawa gwargwadon girman ɓarzarta. Manomi buhu ɗaya ya sayar a kan kuɗi ɗaya, kamfani kuwa kaya huɗu ko biyar yake fitarwa daga buhun, kowanne da farashinsa.

Mene ne bambancin tsaki, gari da sitaci?

Tsaki da gari abu ɗaya ne, girma ne ya raba su. An surfa, an ɓarza, abin da ya tsaya a kan rariya tsaki ne, abin da ya zuba ƙasa gari ne. Manyan injinan kamfani haka suke yi, sai dai su suna fara ɗan yayyafa wa masarar ruwa don ɓawo ya saki, su cire idon da inji na musamman, sannan su bi ta da jerin rariyoyi. Daga kilo 100 sukan samu kilo 65 zuwa 75 na tsaki da gari, ragowar ta tafi abincin dabbobi.

Sitaci kuwa ba niƙa kaɗai ke fitar da shi ba, sai da ruwa. Komai laushin gari, akwai sinadarin gina jiki da ɗan mai da ɗan ɓawo a cikinsa. Sitaci an wanke duk waɗannan, saura farin abu mai santsi, mara ɗanɗano, wanda idan ka murza shi da yatsu yake ƙara.

To yaya kamfani ke fitar da sitacin?

Duk macen da ta taɓa yin gasarar koko ta san hanyar: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Kamfani yana jiƙa masarar awa 30 zuwa 48 a ruwa mai ɗumin digiri 50, da ɗan sinadarin farar wuta a ciki don ƙwayar ta saki kuma kada ta lalace. Sai a ɓarza ta sama-sama, idon ya taso saboda mansa, a kwashe. A sake markaɗawa, a tace ɓawo. Abin da ya rage farin ruwa ne mai ɗauke da sitaci da sinadarin gina jiki, sai a zuba shi a injin da ke juyawa da tsananin gudu, mai nauyi ya ware daga mara nauyi. Sitacin a wanke shi sau da yawa, a busar. Kilo 100 na masara yana ba da sitaci fiye da kilo 55.

Babu abin da ake zubarwa. Sinadarin gina jikin da aka ware yana fitowa ruwan ɗorawa, ƙarfinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari, masu abincin kaji suna sayensa da tsada. Hatta ruwan jiƙon yana da kasuwa.

Za a iya yin sitacin sayarwa a gida?

Na guga da wankin hula, ƙwarai kuwa, idan an tace gasarar da kyalle mai kyau, an sauya mata ruwa sau da yawa har tsamin ya fita, an shanya ta inda ƙura ba ta kaiwa. Amma masu wanki da guga sun saba da sitacin rogo, wanda ya fi danƙo kuma ba ya dusashe launin shadda, don haka kasuwar ba a buɗe take ba. Na magani ko na kamfanin abinci kuwa kada ma a fara, tsabtar da suke nema ba ta samuwa a tsakar gida.

Waɗanne kayan kanti ne muke saye alhali masararmu ce a ciki?

Da yawa. Masavita da Masaflour, waɗanda kamfanin fulawa na Arewa da ke Bompai a Kano yake yi, tsakin masara ne da garinta. Golden Morn na Nestlé masara ce da waken suya. Konfileks, irin wanda NASCO ke yi a Jos, daga manyan tsaki ake yinsa: a dafa, a lallatsa shi tsakanin ƙarafa, a gasa. 'Yan ƙananan curin nan masu garɗi da yara ke saye a leda a bakin makaranta tsaki ne aka tura ta cikin inji mai zafi da matsi, yana fitowa sai ya kumbura.

Kastad kuwa, wanda ake ganin ya fi koko daraja, sitacin masara ne da kala da ƙamshi, babu ƙwai a cikinsa. Asalinsa ma ke nan: wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙirƙire shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai. A wajen gina jiki kokon gero da aka dama a gida ya fi shi.

Sannan sitacin ana narkar da shi ya koma ruwan zaƙi, wato gulukos, wanda ake sa wa a alewa, biskit da lemon kwalba.

Me ya sa ba a yin burodi da garin masara zalla, tunda fulawa ta yi tsada?

Alkama tana da wani sinadari mai danƙo da ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ke sa kwaɓi ya tashi ya tsaya. Masara ba ta da shi. Mai gidan burodi zai iya sa garin masara mai laushi kamar kashi 10 cikin ɗari ba tare da masu saye sun yi ƙorafi ba. Ya wuce haka, burodin zai yi nauyi, ya riƙa marmashewa, ya bushe da wuri. Biskit, cincin da kek sun fi ɗaukar garin masara, don su ba tashi sosai ake nema ba.

Malam, ina da kaji masu ƙwai. Garin masara zan ba su ko ɓarzajjiya?

Ɓarzajjiya. Kaza tana son abin da za ta tsattsaga. Gari mai laushi yana manne mata a baki, yana shiga hanci, ta yi ta barbazar da shi, kuma ƙundunta ba ya samun aikin yi. A gaya wa mai inji ya saki faranti, ko ya sa rariya mai manyan huji. 'Yan tsakin kaji ne kawai ake rage wa girman ɓarzar.

A abincin kaji masara takan kai kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Ke nan kaji 500 suna cin abinci kusan kilo 58 kullum, kilo 29 zuwa 35 a ciki masara ce, wato buhu mai kwano 40 wajen kwana uku yake yi musu. Lissafin nan shi ke nuna dalilin da ya sa farashin kiret ɗin ƙwai yake bin farashin masara sau da ƙafa, kuma shi ya sa kamfanoni irin su Grand Cereals mai Vital Feed a Jos, da Olam da ya buɗe babban injinsa a Chikun ta jihar Kaduna a 2017, suke da wakilai a kasuwannin hatsi tun farkon kaka.

Amma a kula, masara ƙarfi take bayarwa, ba ta gina tsoka ko ƙwai ita kaɗai. Dole a haɗa da tunkuzar waken suya ko ta gyaɗa, da garin ƙashi ko dutsen alli saboda ɓawon ƙwai, da gishiri, da haɗin bitamin da ake sayarwa a shagunan kayan kiwo. Wanda ya zuba wa kajinsa masara da dusa kawai, ƙiba za su yi, ƙwai ya ja baya.

Fara ko ja, wacce kamfani ya fi so?

Masu garin tuwo fara suke nema, don mutanenmu farin tuwo suke so. Masu abincin kaji sun fi son ja, saboda ita ke sa gwaiduwar ƙwai da ƙafar kaza su yi launi. Abin da kowa ya ƙi shi ne gauraye. Idan gonarka ta fara tana maƙwabtaka da ta ja, iska za ta haɗa su, ka ga zangarniya ɗaya da kala biyu, kuma dillali zai rage maka kuɗi a kan haka.

Masu kiwon tarwaɗa fa?

Tarwaɗa tana buƙatar sinadarin gina jiki kashi 35 zuwa 45, don haka masara kaso kaɗan ce a abincinta. Aikin garin a nan shi ne ɗaure haɗin don kada ya narke da an jefa shi a ruwa, shi ya sa a nan mai laushi ake so, kuma gara a ɗan dama shi da ruwan zafi kafin a kwaɓa. Abincin kifi mai yawo a saman ruwa, sitacin da ya kumbura a cikin inji ne ke ɗaga shi.

Da gaske ne akwai masara a cikin maganin asibiti?

Da gaske ne. Sinadarin da ke aikin magani a cikin ƙwaya sau da yawa ɗan mitsitsi ne, dole a samu abin da zai cika ta ya riƙe ta. Sitacin masara yana wannan aiki, kuma shi ne idan ƙwayar ta isa ciki yake shan ruwa ya kumbura ya fasa ta. Gulukos ɗin da ke cikin ledar ƙarin ruwa daga sitaci ake samo shi, kuma galibi na masara. Akwai wani sinadari mai zaƙi da ke hana man goge baki bushewa, shi ma daga gulukos ake yinsa. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sa dutsen hoda a hodar jarirai a duk duniya a 2023, ya koma sitacin masara.

Ruwan jiƙon da aka ambata a baya ma ya taɓa yin babban aiki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a wani ɗakin bincike da ke Peoria a Amurka, an gano cewa fumfunar da ke samar da fenisilin tana ba da magani ninkin-ba-ninkin idan an ciyar da ita da wannan ruwa. Da haka aka fara samun fenisilin mai yawan da zai isa asibitoci.

A masaƙa da kamfanin takarda me yake yi?

A masaƙa ana bi da zaren tsaye ta cikin dafaffen sitaci kafin a ɗora shi a kan inji, don ya yi ƙarfi kada ya riƙa tsinkewa, bayan saƙa a wanke. Lokacin da masaƙun Kano da Kaduna ke aiki dare da rana wannan babbar kasuwa ce. Yawancinsu sun rufe, kasuwar ta tafi da su. A takarda, sitaci ne ke ƙara mata ƙarfi ya hana tawada bazuwa. Kwalin taliya ko na sabulu kuwa, idan ka yaga shi za ka ga takarda mai lanƙwasa a tsakiya, gam ɗin da ya manne ta da sitaci aka yi shi. Masu haƙar mai suna zuba shi a cikin taɓon da suke turawa rijiya don kada ruwan ya tsiyaye cikin dutse. Masu curin gawayi daga buntun shinkafa ko totuwa, irin wanda ake iya yi a Kura ko Auyo inda buntu ya yi yawa, da talgen gari suke ɗaure shi, kuma garin da ya tsufa ya isa wannan aiki.

An ce Amurkawa suna tuƙa mota da masara, har leda suna yi da ita. Me ya hana mu?

Suna yi. Ana niƙa masarar, a mai da sitacinta sukari, a sa yis, a tace, a samu itanol, wato barasar da ake haɗawa da fetur. Tan ɗaya yana ba da lita kusan 400, kuma yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka akwai kashi 10 na itanol a ciki. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar can take tafiya. Ledar ma gaskiya ce, akwai kamfanin NatureWorks a jihar Nebraska da ke yin roba daga sukarin masara.

Abin da ya hana mu gona ce. Manomin Amurka yana samun wajen tan 11 a hekta ɗaya, namu a matsakaici wajen tan 2. Su rara ce suke nema wa mafita, mu kuwa abin da muke nomawa, tan miliyan goma da ɗoriya a shekara, tsakanin tukunya da kaji ma rigima ake yi a kansa. A ganina, duk mai maganar mai da masara fetur a ƙasar nan yanzu bai je awo a watan Yuli ba.

Gaskiya ne kamfanonin giya suna sayen tsakin masara? Ina tsoron abin da na noma ya tafi can.

Gaskiya ne. Tun 1988, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin suka koma kan dawa da tsakin masara, kuma ko da aka ɗage haramcin daga baya ba su bar su gaba ɗaya ba. Kamfanonin nan dai su ke yin lemon malt mara sa maye. Manomin da ya kai buhu kasuwar Sara ko Shuwarin ya sayar wa ɗan kasuwa ba shi da hanyar sanin inda zai ƙare. Wanda aka kawo wa kwangila kai tsaye kuwa yana da damar tambayar wane kamfani ne, me kuma za a yi da kayan. Hukuncin shari'a a kan kowanne daga cikin biyun, malamai za a tambaya.

Malam, ina da injin surfe da na niƙa a ƙauyenmu. Zan iya niƙa gari in kai wa babban kamfani?

Abin da kamar wuya. Babban kamfani ba ya sayen gari daga hannun ƙananan injina, tsabar masara yake saye ya niƙa da kansa, saboda a tsaba ne yake iya ganin abin da aka kawo masa. In ma zai sayi tsaki, daga injin da zai iya ba shi tirela-tirela yake saye, girman ƙwaya iri ɗaya, mai bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, kowane mako ba fashi. Injin faranti ba ya iya wannan. Yana dumama gari, ba ya raba ido da tsoka sosai, kuma farantin yana cinyewa, ɓurɓushin ƙarfe ya bi garin. Ka ja maganaɗisu a cikin garin da aka niƙa da sabon faranti ka ga abin da zai kama.

Wannan ba ya nufin babu kasuwa. Kasuwarka tana kusa da kai, ba ka dube ta ba ne: masu gidan kaji ɗari biyu zuwa dubu da ke kewayen Dutse, Wudil, Bichi da Haɗejia, masu tafkin kifi, mata masu tuwon sayarwa a tasha, masu dambu, makarantun kwana, masu kiwon turka. Duk waɗannan suna wahala da kayan da ba su da tabbas, yau da tsakuwa, gobe da danshi. Wanda ya riƙa ba su kaya iri ɗaya kullum, ya raba manyan tsaki daban, ƙanana daban, gari daban, dusa daban, a sikeli ba a kwano ba, ba zai rasa mai saye ba, kuma ribarsa ta fi ta mai jiran kuɗin niƙa kwano-kwano. Jarin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba: rariyoyi uku masu huji daban-daban, maganaɗisu a bakin inji, sikeli, tamfol, da daɓen siminti. In hali ya samu, inji mai guduma da rariyar ƙarfe ya fi na faranti dacewa da abincin dabbobi.

A riƙa share ƙura kuma. Ƙurar gari da ta cika rufaffen ɗaki tana iya kamawa da wuta farat ɗaya idan ta samu tartsatsi.

Me ke sa kamfani ya dawo da mota guda ta masara?

Abu huɗu: danshi, datti, ƙwari, da guba. A bakin ƙofa ake soka buhuna a ɗebi samfuri. Danshin da ake karɓa kashi 13 ne zuwa 14 cikin ɗari, abin da ya haura haka ko a rage kuɗi ko a ce juya. Wanda ba shi da na'urar aunawa zai iya gwadawa da busasshiyar kwalba: a zuba masara, a sa cokalin busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a ajiye na 'yan mintoci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Gubar ita ce babbar matsala, don ido ba ya ganinta. Wata fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa take samar da ita, ana kiran gubar afalatoksin. Tana kama masarar da fari ya dame ta a gona, ko wadda tsutsa ta huda, ko wadda aka zube a ƙasa da danshinta. Dafuwa ba ta kashe ta. Kaɗan-kaɗan a tsawon shekaru tana jawo ciwon dajin hanta kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Da yawa a lokaci ɗaya kisa take yi: a gabashin Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. A kaji tana rage ƙwai ta raunana jiki, a saniya tana bi ta cikin nono.

Maganinta tun daga gona ne. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako biyu zuwa uku kafin masara ta fara fure. Bayan girbi a shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a turɓaya ko gefen kwalta ba. A tsince ruɓaɓɓu da masu kore-kore a zubar, kada a ce na kaji ne. A adana a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska ba tare da magani ba. Surfe yana rage gubar a cikin gari, amma ba ɓacewa take yi ba, dusa take komawa, don haka dusar masarar da ta yi fumfuna ta fi garin haɗari.

Me ya sa garina yake ɗaci bayan 'yan makonni, na kanti kuwa yana watanni?

Man da ke cikin idon ne. Da an niƙa shi ya haɗu da iska sai ya fara lalacewa, zafin bazara kuma ya ƙara masa sauri. Kamfani ya cire idon kafin niƙa. Sannan a gida ana wanke masara bayan surfe, in ba ta bushe sarai ba aka kai inji, ko aka ƙulle garin a leda da zafin injin a jikinsa, gumi zai yi. A baza shi ya huce, a tankaɗe, sannan a ɗaure. Garin da ba a surfa ba ya fi amfani a jiki, amma a niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai.

Ni uwa ce, ina yaye. Kokon masara ya ishi yaro?

Bai isa ba, Hajiya. Sinadarin gina jikin masara kaɗan ne, kuma wanda ke akwai ɗin ma yana da giɓi, tacewar koko kuwa tana ƙara rage shi. Yaro zai cika ciki da ruwa da sitaci ya yi ta ramewa. Haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown, shi ne awo 6 na hatsi, masara da gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Hukumar Abinci ta Duniya ma garin masara da waken suya mai ƙarin bitamin take rabawa a sansanonin 'yan gudun hijira. Mata da dama sun mai da wannan haɗi sana'a, kuma a cikin duk abin da ake yi da garin masara a ƙauye shi ne wanda kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu.

Mai gona kuma zai iya neman irin SAMMAZ 14 na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wanda sinadarin gina jikinsa ya fi na masarar da aka saba inganci.

Zan iya ba ragon layya garin masara don ya yi saurin ƙiba?

Da kaɗan-kaɗan, a cikin dusa, tare da harawa da ƙowa. Tumbin rago da na sa an yi su ne don ciyawa. Idan aka ɗura musu gari da yawa rana ɗaya, tumbin yana yin tsami, dabba ta kumbura, ta daina tuƙa, wani lokaci sai wuƙa. A fara da ɗan tafin hannu, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu.

Ina so in riƙa ƙulla gari a leda da sunana in kai shaguna a birni. Me ake buƙata?

Rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan lambar NAFDAC. Jami'an NAFDAC za su zo su ga wurin: ɗakin niƙa daban da na ajiya, daɓe mai wankuwa, raga a tagogi, ruwa mai tsabta, ma'aikata da shaidar gwajin lafiya. Za su ɗauki samfuri su auna. Ledar dole ta nuna nauyi, ranar da aka yi, ranar lalacewa, lambar rukuni da adireshi. Tun 2002 doka ta wajabta sa bitamin A a garin masarar da masana'antu ke sayarwa, kamar yadda ta wajabta a fulawa, sukari da man girki, don haka a tambayi jami'an yadda wannan ya shafi ƙaramin mai sana'a tun kafin a buga leda. Kuɗin gyaran wuri da na rajista ya fi sauƙi idan mata goma ko ashirin suka haɗu a ƙungiya ɗaya suka nemi lamba ɗaya, inji ɗaya, suna ɗaya a jikin leda.